Zaɓen Kayan Kwamfuta Domin Ɗaukar Waƙa a Gida: Misali Daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, watau kudancin Jihar Katsina, an fi saninta da noman auduga da masara da dawa da waken suya. Amma duk wanda ya nazarci waƙar baka ta Hausa ya san cewa ƙasa ce ta kiɗa kuma. A Funtuwa ne Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo, shi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuwa rasu a 1999. A nan ne Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta shahara da kiɗan amada har zuwa rasuwarta a 2013. Dauda Kahutu Rarara kuma, wanda ya yi fice a waƙoƙin siyasa na wannan zamani, mutumin Kahutu ne ta ƙasar Ɗanja.

A zamanin tashen Shata, makaɗin da yake son muryarsa ta wuce dandalin biki tilas ne ya jira gidan rediyo, kamar na Kaduna, ko kamfanin faifai, su neme shi. Al'amarin ya fara sakewa a shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, masu shirya su suka rungumi fiyano irin na kamfanin Yamaha domin yi wa waƙoƙinsu kiɗa. Daga baya kwamfuta ta karɓe aikin, da manhajoji irin su Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus da FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam. A yau ɗalibi a Bakori ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Ƙafur yana iya mai da ɗaki guda na gidansu ya zama sutudiyo. Abin tambaya shi ne, mutumin da kuɗinsa ƙididdigaggu ne, wane kaya zai saya, wanne kuma zai fara saye?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kwamfuta ita ce sutudiyo, a zuba mata kuɗin duka, sa'an nan a nemi makirfo da canjin da ya rage. Sauti kuwa yana da hanyar da yake bi. Daga bakin mawaƙi yana fita cikin ɗaki, daga ɗaki ya shiga makirfo, daga makirfo ya shiga akwatin da yake juya shi zuwa lambobi, daga nan ne ya isa kwamfuta. Matsayin kwamfuta a wannan jeri kamar na magatakarda ne a kotu, abin da aka faɗa masa shi yake rubutawa. In ɗakin ya ɓata muryar, ko makirfo ya ɗauko gurnanin janareto, haka kwamfuta za ta adana shi, kome tsadarta.

Ya kamata a fahimci cewa ɗaukar sauti ba aiki ne mai nauyi ga kwamfuta ba. Abin da ake yi shi ne a auna ƙarfin sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, a rubuta kowane awo da lamba. A faifan sidi sau 44,100 ake aunawa a daƙiƙa, a aikin fim kuwa sau 48,000. In aka ɗauki murya guda bisa awon 48,000, kowane awo da bit 24, minti ɗaya ba zai ci fiye da megabait 9 ba. Ke nan waƙar minti biyar mai layi ashirin, watau murya da amshi da ganguna da sauransu kowanne a layinsa, ba za ta cika gigabait ɗaya ba. Kwamfutar ofis mai shekara shida ko bakwai tana yin wannan ba tare da wahala ba. Inda nauyi yake shigowa shi ne wajen gyaran murya, da sanya mata amo, da kayan kiɗa na cikin manhaja, domin waɗannan lissafi ne da dole a gama shi nan take, waƙar tana tafiya.

Wannan lissafi aikin furosesa ne, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan akwai tarkon da masu saye da yawa suke faɗawa. Mai shago zai nuna tambarin i7 a jikin kwamfuta, ya ce ai ta fi i5, kuma ga alama gaskiyarsa, tun da bakwai ta fi biyar. Sai dai kamfanin Intel yana fitar da furosesa ne zubi-zubi, kuma a zubin da suka gabaci na goma, a lamba mai harufa huɗu, harafin farko shi yake nuna zubin. Alal misali, i7-3770 zubi na uku ce, ta 2012, mai cibiya huɗu, alhali i5-8500 zubi na takwas ce, ta 2018, mai cibiya shida, kuma ta fi waccan ƙarfin aiki. Akwai wani dalili kuma na tsayawa a zubi na takwas ko abin da ya biyo bayansa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ga jama'a gaba ɗaya ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa daga zubi na takwas ta fara karɓar furosesar Intel, in ban da 'yan kaɗan. Wanda ya samu Ryzen 5 ta kamfanin AMD mai shekaru daidai da waɗannan, shi ma bai yi asara ba.

Sauran kayan cikin ba su da doguwar magana. Ram, watau faifan da kwamfuta take baza aikin da take kai, gigabait 8 yana isa a fara, 16 kuma ya wadatar. Abin lura kawai shi ne a tabbata akwai gurbin ƙari nan gaba. Rumbun ajiya ya zama irin na SSD, mai gigabait 256 ko 512, domin ya fi tsohon rumbu mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, ba ya ƙara, kuma jijjigar babur a hanyar ƙauye ba ta lalata shi. Katin hoto mai tsada, irin wanda masu wasannin kwamfuta suke rububi, ba shi da amfanin kome a nan, sai shan wuta da ƙarin fanka mai hayaniya.

Kuɗin da aka tsimi daga nan sai a kai su ga akwatin shigar da sauti, wanda 'yan sutudiyo suke kira saunkad. Ƙaramin akwati ne da ake jonawa da kwamfuta ta kafar USB, irin su Scarlett na kamfanin Focusrite ko UMC na Behringer. Aikinsa uku ne: ya ƙarfafa raunanniyar wutar da take fitowa daga makirfo, ya juya ta zuwa lambobi, ya kuma rage jinkiri. Wannan jinkiri yana bukatar bayani. Kwamfuta ba ta karɓar awo ɗaya-ɗaya, tara su take yi ƙunshi-ƙunshi. In ƙunshin na awo 128 ne, jiran bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, watau kimanin lokacin da sauti yake ɗauka ya yi tafiyar mita ɗaya a iska. In kuwa na 1,024 ne, jiran ya haura kashi 21 wajen shiga, da wani kamarsa wajen fita. Mawaƙin da ya saƙala abin ji a kunne sai ya riƙa jin muryarsa tana bin bayansa, makaɗi kuma hannunsa ya riƙa saɓawa da kunnensa. Akwati mai kyau yana zuwa da manhajar ASIO tasa, wadda take ba da damar a ƙanƙanta ƙunshin, galibi kuma yana da maɓallin da yake mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye kafin ta shiga kwamfuta.

Yawan kafofin wannan akwati kuwa magana ce da ta shafi adabi, ko da yake mai shago ba zai faɗa ba. Akwati mai kafa biyu ya ishi waƙar fiyano, inda ake haɗa kiɗa tukuna, mawaƙi ya hau kai shi kaɗai, sa'an nan a kira 'yar amshi ta sa nata. Waƙar baka ta gargajiya ba haka aka gina ta ba. Jagora yana yin ɗa, 'yan amshi su karɓe tun bai rufe baki ba, mai kalangu yana matsa tsirkiya yana bin karin maganar, kowa yana sauraron kowa. Haka nan amada, inda mata suke kaɗa ƙore, wasu a kife cikin ruwa, suna guɗa suna amsawa a lokaci guda. In aka raba su aka ce kowa ya shiga shi kaɗai, abin da zai fito ba shi ne abin da suke yi a gidan biki ba. Wanda yake da nufin ɗaukar irin waɗannan makaɗa, kuma har yanzu akwai su a garuruwa da ƙauyukan wannan ƙasa, gara ya jinkirta ya sayi akwati mai kafa huɗu ko takwas, ko da hakan zai sa ya haƙura da kwamfuta mai arha. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a ce yawan ramukan wani akwati shi zai yanke hukuncin irin waƙar da za ta wanzu.

Makirfo iri biyu ne. Akwai kwandensa, mai bukatar wuta bolt 48 daga akwatin, mai kaifin ji ƙwarai. Kaifin nan nasa ne yake zama matsala a gidan Bahaushe, domin zai ɗauko kukan akuya da injin niƙa na maƙwabta da ƙarar fankar kwamfutar kanta. Akwai kuma dainamik, wanda ba ya bukatar wuta, ana waƙa dab da shi, yana kuma jure bugun ganga da ƙura da faɗuwa, irin SM58 na kamfanin Shure da aka fara fitarwa tun 1966. A ɗakin da ba a gyara ba, shi ya fi dacewa a fara da shi. A dai kula, jabunsa ya yi yawa a kasuwa, arhar da ta wuce hankali ita ce alamar farko.

Batun wutar lantarki shi ne yake raba gardama tsakanin kwamfutar girke da ta tafi-da-gidanka. Ta girke ta fi arha in aka auna da ƙarfinta, ta fi sauƙin gyara, ta fi shan iska. Amma ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya tana kashe ta, baitin da ake tsakiyar ɗauka ya salwanta, don haka dole sai da batirin tsaro a gefenta. Ta tafi-da-gidanka da batirinta take zuwa, cajarta kuma galibi wat 45 zuwa 65 ce, abin da ƙaramin sola zai iya ɗauka. Daɗin daɗawa, wutar Nijeriya mai bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma a gidan da ba a binne wayar ƙasa ba wannan kaɗawa takan shiga cikin sauti ta zama gurnani. Sau da yawa zare caja a lokacin ɗauka kaɗai yana kawar da shi. Inbata kuma a nemi mai fitar da wuta lafiyayya irin ta layi, domin mai arha takan sa kaya tsiwa da zafi. In hadari ya taso da damina, a zare kome daga bango.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa hukunci. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, zafin bazara kuwa yakan kusanci digiri 40, ga shi ɗakin ɗauka a rufe yake, fankar sama a kashe. Furosesar da ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai a ji waƙa tana tsattsagewa, a ɗora wa manhaja laifi. Maganin shi ne a fesa iska a fitar da ƙura kafin bazara, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki, a kuma maida ɗauka dare ko bayan sallar asuba. Game da ɗakin kansa, tare sauti daban, tsotse shi daban. Nauyin bango ne yake tare hayaniyar waje, shi ya sa tsohon soro na ginin ƙasa ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda yayyafi kaɗan yake tsayar da aiki a cikinsa. Amsa-kuwwar cikin ɗaki kuwa abu mai laushi da kauri ne yake tsotse ta: katifa, bargo, ko auduga a cusa cikin buhu a rataya a kusurwa, nesa da waya da soket saboda gobara. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne ainun.

Yawancin waɗannan kaya daga Kano ake sayo su, a titin Beirut da kewayensa, ko daga Zariya da Kaduna, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023 tsadar sababbi ta sa jama'a sun karkata ga na hannu. Babu laifi a wannan, muddin an gwada kafin a biya: a kunna a duba lambar furosesa daga cikin kwamfutar, a jarraba kowace kafar USB, a zare caja a ga daɗewar batir, a kara kunne a ji fanka. Tun da kuɗin manomi da kaka suke zuwa, bayan an kai masara kasuwar Ɗandume, na ma'aikaci kuma sai ya kwashi adashi, ba dole ba ne a sayi kome a rana ɗaya. Kwamfuta da akwati da makirfo ɗaya da abin ji na kunne mai rufaffen baya sun isa a fara. Lasifikar sutudiyo da fiyano sa biyo baya a kaka ta gaba. Manhajar sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa takan zo da ƙwayar cuta, alhali Audacity kyauta ce, Reaper kuma lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne.

Abu guda da bai kamata a jinkirta ba shi ne rumbu na biyu, na waje, wanda za a riƙa kwafe aikin kowace rana a kai, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. Rumbun SSD in zai mutu ba ya yin sallama. Kowace waƙa kuma a rubuta mata sunan mawaƙi da na makaɗansa, da garin da suka fito, da ranar da aka ɗauka, a ajiye asalinta a tsarin WAV kafin a matse ta zuwa MP3 domin turawa a waya.