Yadda Sarakunan Turai Suka Yi Wa Juyin Juya Hali Shinge Bayan Faɗuwar Napoleon

A watan Janairun 1793 aka fille kan Sarkin Faransa, Louis na 16, a bainar jama'a a birnin Paris. Shekara 22 da suka biyo baya, Turai ta yi galibinsu ne cikin yaƙi, Napoleon yana tuɓe sarakuna yana naɗa 'yan'uwansa a madadinsu. Don haka lokacin da manyan ƙasashe suka hallara a Vienna a ƙarshen 1814, ba rabon ƙasa kaɗai ne a ransu ba. Kowane sarki ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya zo neman ruwan da zai shafa wa nasa.

Jagoran taron shi ne Metternich, ministan harkokin wajen Ostiriya. Shi da wakilan Birtaniya da Rasha da Furusiya, masarautar Jamusawa mai hedkwata a Berlin, sun tsaya a kan cewa a mayar da tsofaffin gidajen sarauta kan karagarsu, kuma kada a bar wata ƙasa ta fi ƙarfin sauran. An sa hannu kan yarjejeniyar ranar 9 ga Yunin 1815, kwana tara kafin a murƙushe Napoleon a Waterloo.

Abin lura shi ne sassaucin da aka yi wa Faransa, wadda ita ta tayar da wutar. An ci ta tarar faran miliyan 700, an girke mata sojoji har zuwa 1818, amma ba a yayyaga ta ba. Wakilinta Talleyrand ma ya zauna cikin manya ana yanke shawara da shi. Dalilin a fili yake. An ɗora Louis na 18, ƙanen sarkin da aka kashe, kuma in aka wulaƙanta ƙasarsa, talakawa za su sake tunɓuke shi. Sarakunan sun fi tsoron talakawansu a kan junansu.

A Satumban 1815 Sarkin Rasha, Alexander na 1, ya jawo takwarorinsa na Ostiriya da Furusiya suka ƙulla abin da suka kira Ƙawance Mai Tsarki, wai za su yi mulki bisa koyarwar Kiristanci. Birtaniya ta ƙi shiga, Paparoma ma haka.

Ba a daɗe ba aka ga inda ƙawancen ya dosa. A 1819 wani ɗalibi ya kashe marubuci Kotzebue, mai goyon bayan sarauta, sai Metternich ya samu hujja: dokokin Carlsbad suka haramta ƙungiyoyin ɗalibai a ƙasashen Jamus, aka sa wa jami'o'i masu sa ido, jaridu kuma sai an tace kafin a buga. A taron Troppau na 1820, sarakunan uku suka ba kansu ikon shiga duk ƙasar da aka yi wa sarki bore. Sojojin Ostiriya suka shiga Naples a 1821. A 1823 kuma Faransa, uwar juyin juya hali da kanta, ta tura dakaru Sifaniya suka mayar wa Ferdinand na 7 cikakken ikonsa. Birtaniya, da ke da majalisa mai ƙarfi, ta ja jikinta daga wannan tafiya.

Ta fuskar hana yaƙi tsarin ya yi aiki, domin manyan ƙasashen ba su gwabza da juna ba sai a yaƙin Kirimiya, kusan shekara 40 bayan taron. Ta fuskar danne jama'a kuwa, ya yi ta yoyo. A 1830 mutanen Paris suka kori Charles na 10, Beljiyam kuma ta ɓalle daga Holan da aka haɗa su a Vienna ba tare da an tambayi 'yan ƙasar ba. A 1848 bore ya bazu daga Paris zuwa Berlin da Milan da Vienna kanta, inda ɗalibai da ma'aikata suka cika tituna. A watan Maris na shekarar Metternich ya ajiye aiki, ya sulale daga birnin ya nufi Ingila.