Ko Ka Sani? Takarda Ce Ke Ƙauri a Cikin Giyar Motarka

Ko ka san cewa fayafayan kulocin da ke cikin giyar otomatik, takarda ce a fuskarsu? Takarda ta gaske, ta zaren itace, wadda aka jiƙa da ƙaro mai jure zafi aka manna a jikin ƙarfe. Su ne ke kamawa su saki duk lokacin da mota ta canza giya, kuma tsundum cikin mai suke aikinsu. Saboda haka idan direban tsohuwar Hilux ya sauke kaya a kasuwar Dutsin-Ma, ya zaro gejin man giya ya shinshina ya ji ƙauri, sau da yawa takardar nan ce ta soma toyewa tare da man. Abin mamaki, takardar da ashana ɗaya za ta cinye ita ce ke jan buhunan masara shekara da shekaru, muddin man da ke sanyaya ta yana da lafiya.

Zafi ne ke kashe man. A giyar otomatik, mai ne ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa giya, kamar fanka biyu da ke fuskantar juna, ɗaya na hura ɗayar tana juyawa. Duk ƙarfin da ya zurare a tsakani, zafi yake komawa. Man yana son ya tsaya wajen digiri 80, kuma ƙa'idar da masu harkar mai ke bi ita ce, ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewarsa. To a lafta wa mota lodi fiye da kima daga gonakin dam ɗin Zobe, a bi da ita cikin yashi kafin a hau titin Kurfi, a zafin Afrilu, ga lagireton da man ke bi ya huce ya cushe da ƙura. Me ya rage? Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo: a tsayar da mota a miƙaƙƙen wuri, inji na aiki kuma ya ɗumama, a goge gejin a farin ƙyalle. Ja garau, lafiya lau, don da gangan ake rina man ja saboda a bambanta shi da baƙin mai. Ruwan ƙasa, ya tsufa. Baƙi mai ƙauri da ɗigo-ɗigon gari, takarda ce ke zuba.

Wani zai ce ai yawancin a-kori-kurarmu giyar hannu gare su. Gaskiya ne, kuma a nan ma hanci na da aiki. Man giyar hannu mai kauri, ko sabo ne yakan yi warin farar wuta saboda sinadarin da ake zuba masa, wannan ba ƙonewa ba ce. Ƙaurin da ke tashi a hawan tudu na busasshen kuloci ne da ke zamewa. Akwai kuma man da ke ɗiga a kan salansa yana hayaƙi alhali giya ƙalau take, shi ya sa a giyar otomatik geji ake shinshinawa, ba iskar ƙarƙashin mota ba.

Maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta bakanizai masu cewa kada a taɓa man giyar otomatik da ya yi baƙi, wai sabon mai ne ke kashe giya. Sun ga abin da idonsu, ba ƙarya suka yi ba, amma sun ɗora laifin inda bai dace ba. Garin takardar da ya zube cikin tsohon mai shi ne ke taimaka wa fayafayan da suka suɗe su ɗan kama. Da an tsiyaye shi, sai zamewar da ke ɓoye ta fito fili. Idan man ya yi duhu kawai, giya na shiga daidai, a canza shi da matatarsa. Idan kuwa ana taka totur inji na ihu mota ba ta gaba, kuɗin man asara ne, sai an sauke giyar an sa sababbin fayafayai, an kuma wanke bututun da ke kai man lagireto.