Ɗan Yatsan da Kare ke Karya Kwana da Shi

Kare dabba ce da baki ke zagi, hannu kuma ke mora. Bahaushe kan kira mutum kare in yana son ƙasƙantar da shi, amma da zarar an kawar da amfanin gona, mafarauta suka ji kiɗan gangi suka nufi dawa, wannan karen ne a gaba. Shi ke kwana a bakin garke yana jiran kura, shi ke korar biri daga gonar gyaɗa. Addini ma ya san matsayinsa: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, hadisi kuma ya yarda da riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron shuka. Dukiyar karen aiki kuwa hancinsa ne da ƙafafunsa. Ƙafar gaba tana da yatsu biyar, huɗu na taka ƙasa, na biyar yana can sama ta ciki, inda babban yatsa yake a hannun mutum. A Amurka da wasu ƙasashen Turai masu kiwon karnukan farauta sun daɗe suna cire wannan ɗan yatsan gefe tun kwikwiyo na da kwana uku zuwa biyar, wai don kada wata rana ya sarƙe ya yage. Hujja ta fi karkata ga a bar shi.

Wanda ya ga kare a tsaye zai ɗauka yatsan nan ba shi da aikin yi, tunda ko ƙura ba ya taɓawa. Sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma a cikin gudu ake gane amfanin kowace gaɓa. Zomo bai dogara da sauri kaɗai ba, dabararsa ita ce ya karya kwana ba zato, ya bar mai binsa ya zarce. Lokacin da kare ya saki jiki da gudu, nauyinsa kan sauka a ƙafar gaba har wuyan ƙafar ya lanƙwashe ya kusa shafar ƙasa. A daidai nan ɗan yatsan ke nutsa farcensa cikin ƙasa ya riƙe ƙafar kada ta murɗe, kamar yadda mai kwalekwale ke kafa gora in zai juya. Shi ya sa akan tarar da ƙasa da ciyawa a maƙale da shi bayan an dawo daga farauta. Dubi dogon karen Azawak, wanda Buzaye ke bin barewa da zomo da shi a Mali da Nijar da Burkina Faso: duk rayuwarsa gudu ce da juyi. Ko a gida, da wannan yatsa kare ke danne ƙashi yana gaigaya, da shi yake riƙe gaɓar rafi in zai hau.

Masu fiɗar jikin dabba sun tabbatar da abin da ido ke gani. Yatsan gefe na ƙafar gaba yana da ƙashi da gaɓa, jijiyoyi kuma sun ɗaure shi da tsokar ƙafa. Kiristin Zink, likitar dabbobi da ta yi aiki a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ta daɗe tana jan hankali cewa in aka cire shi, tsokokin da ke jan sa sukan shanye, murɗiyar da yake tarewa ta koma kan wuyan ƙafa, abin da take dangantawa da ciwon gaɓɓai idan kare ya manyanta. A shekarar 2018 mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga wani bincike a kan karnukan gasar tsalle da juyi, wanda ya nuna cewa waɗanda ba su da yatsan gefe na gaba sun fi samun rauni a sauran yatsunsu. Binciken ya kuma gano cewa barin farce ya yi zaƙo-zaƙo na ƙara haɗarin. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. To, abin da aka gani a ƙasa ya goyi bayan barin yatsan.

Masu cirewa suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Dajin da kare ke kutsawa cike yake da sarƙaƙiya da farar ƙaya da kututturen gero, farcen gefe kan sarƙe ya tsage har tsoka, jini ya zuba, ƙuda ya bi. Suna cewa rigakafi ya fi magani, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin cirewa a jinjirin kwikwiyo ta fi sauƙi a kan yi wa babban kare aiki da allurar barci. Amsar ita ce rigakafin gaskiya ba ya kashe gaɓa mai aiki. Farcen sauran yatsun ma yakan karye, babu wanda ya ce a guntule su. Yawancin tsagewar kuwa daga sakaci take: tunda wannan farce ba ya gogar ƙasa a tafiyar yau da kullum, yakan yi tsawo ya lanƙwashe, wani lokaci har ya soki fata. Mai kare da ke duba ƙafar dabbarsa yana datse farcen kowane 'yan makonni ya riga ya toshe ƙofar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanke yatsun dukan 'yan kwikwiyo saboda tsoron abin da zai sami kaɗan daga cikinsu shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Wani zai kawo kyarkeci, karen dawan Afirka, wanda yatsu huɗu kawai ake gani a ƙafarsa ta gaba, ga shi kuma gwanin gudu. Gaskiya ne, amma kyarkeci da haka aka halicce shi, ƙashi da tsoka da jijiya duk sun dace da rashin yatsan, farautarsa kuma ta dogon zango ce, garke guda na bin dabba har ta gaji. Ƙafar da aka gina a kan yatsu huɗu dabam take da wadda aka gina a kan biyar aka datse ɗaya. Inda maganar masu cirewa ke da nauyi shi ne ƙafar baya. Wasu karnuka kan zo da cindo a can, sau da yawa fata kawai ke riƙe da shi, yana reto ba ƙashi. Irin wannan ya fi saurin yagewa, kuma likitan dabbobi na iya ganin dacewar cire shi ga karen da ke shiga ƙaya. Ko nan ma ba a yi wa kowa kuɗin goro ba: karnukan kiwo na Faransa irin su Boseron da Biriyar suna da yatsun gefe bibbiyu a kowace ƙafar baya, masu kiwonsu kuma suna ɗaukar hakan alamar asali.

Dokoki sun bambanta. Yarjejeniyar Turai ta 1987 kan kare haƙƙin dabbobin gida ta hana yi musu aikin sauya kamanni, kamar yanke kunne da cire farce, sai da dalilin lafiya. Ingila ta bar ƙofar cire yatsan gefe a buɗe, Jamus kuwa ta ɗaure ta da shawarar likita. A ƙasar Hausa an fi sanin datse kunnen karen farauta, da irin dalilin nan na gudun ƙaya da cizo, don haka tambayar ta shafe mu: shin raunin da ake tsoro ya kai wanda ake yi da wuƙa? Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ya isa ya nuna cewa zafin da dabba ke ji abin lissafi ne. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai in an bar shi da kayan aikinsa. A bar masa yatsan gaba, a riƙa datse farcen, a duba ƙafarsa duk ranar da ya dawo daga dawa. In cindon baya na reto ko wani yatsa ya yi mummunan rauni, a kai shi wurin likitan dabbobi, shi ya yanke hukunci a kan wannan karen shi kaɗai.