Ambaliyar Maiduguri: Rawar Mutanen Unguwa da Ƙananan Hukumomi Wajen Farfaɗowa

A ranar 10 ga Satumba, 2024, al'ummar Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan fashewar madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda a ƙaramar hukumar Konduga. Ruwan ya mamaye sassa da dama na Birnin Maiduguri da ƙaramar hukumar Jere, ya shiga fadar Shehun Borno, da Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994.

Waɗanda suka fara kai ɗauki maƙwabta ne. Matasa sun yi ta fito da tsofaffi da yara, wasu a goye, wasu a kwalekwale, kafin motocin sojoji da jami'an agaji su kai ko'ina. Mazauna unguwannin tudu suka buɗe gidajensu, mata suka ɗora tukwane, makarantu suka zama masauki. Gwamnatin jihar Borno kuma ta sake buɗe sansanoni irin na Bakassi, wanda aka rufe a baya.

Aikin da ya fi wuya yana farawa ne bayan ruwa ya janye. Akwai kwashe laka, da yashe magudanai, da tsabtace rijiyoyin da ruwan masai ya gurɓata, da tayar da katangu, da nema wa 'yan kasuwa jari. Sakaci da ruwan sha na jawo annoba. A watan Oktoba na shekarar aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar. Duk wannan aiki yana buƙatar sanin gida-gida: wane ne mai gida, wane ne ɗan haya, ina gwauruwa mai marayu, ina ɗan gudun hijirar da rikicin Boko Haram ya riga ya raba da ƙauyensu. Wannan sani yana hannun bulama da lawani, wato mai unguwa da dagaci a tsarin ƙasar Hausa, da limamai, da shugabannin mata da na kasuwa.

Sai dai sanin unguwa kaɗai ba ya gina kwalbati ko sayen magani. A nan ne ƙaramar hukuma take shigowa. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora mata gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da kasuwanni, da maƙabartu, da kwashe shara, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ambaliya ke lalatawa. Tsarin agajin gaggawa na ƙasa kuma hawa uku ne: hukumar NEMA da aka kafa a 1999 a matakin tarayya, SEMA a jihohi, sai kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma cikin 774.

Hawa na ukun shi ne mafi rauni. A wurare da yawa kwamitin yana nan a takarda kawai, babu kasafi, babu kayan aiki. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ke juyawa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan su kai tsaye. Idan ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfi, agaji yakan sauko daga sama ya tsallake ta, a yi ta rubuta sunaye sau biyu ko uku, wasu su samu ninki, wasu su tashi a tutar babu.

Barin komai a hannun shugabannin unguwa ma yana da haɗarinsa, domin son kai da siyasa na iya shiga rabo. Maganinsa shi ne a karanta jerin sunaye a bainar jama'a, a sa mata da 'yan haya da naƙasassu cikin kwamiti, a kuma tanadi wurin kai ƙorafi.

Mafi yawan aikin kuwa kafin damina ake yin sa. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen ruwan sama da na ambaliya duk shekara. Ƙaramar hukuma ce ya kamata ta isar da shi ga unguwanni da harshen da jama'a ke ji, ta ware tudun da za a fake, ta hana gini a kan hanyar ruwa, ta tallafa wa aikin gayya da kayan aiki, irin gayyar da mutanen yankin Haɗejiya ke yi wajen ɗaure jinga da buhunan ƙasa. Inda aka haɗa sanin mutanen unguwa da kuɗi da ikon ƙaramar hukuma, asara tana raguwa, farfaɗowa kuma tana yin sauri.