Toshewar Hancin Da Ta Ƙi Jin Magani



Wani kullum da baki yake numfashi, dare ya yi sai minshari, ya farka maƙogwaro a bushe. Ya ce ai mura ce. To, ba lallai ba ne.

A kowace kafar hanci akwai 'yan tudu guda 3, ƙashi ne da nama ya lulluɓe, likitoci na ce musu tabinet. Su ke ɗumama iska, su jiƙa ta, su tace ƙura. In ƙurar hunturu, hayaƙi ko alaji suka dame su, sai su kumbura, musamman na ƙasan, hanya ta toshe.

Maganin ɗigawar nan mai buɗe hanci nan take fa, in ka wuce kwana 3 zuwa 5 kana sa shi, toshewar ƙaruwa take.

Likitan hanci zai fara da wankin ruwan gishiri da maganin feshi mai rage kumburi. In an yi watanni ba sauƙi, sai a rage girman tudun, sau da yawa da siririyar allura mai zafi. A kashe wurin kawai, ka kwana a gidanka.

Ragewa ake yi, ba cirewa ba. In aka cire duka, hanci bushewa yake, numfashin ma ya ƙi daɗi.

Allah Ya ƙara lafiya.