Amurka: Yadda ake raba fanshon soja idan aure ya mutu

A shekarar 1991 wata kotu a jihar Arizona ta Amurka ta raba auren John Howell, wani sojan sama, da matarsa Sandra. A cikin hukuncin, alƙali ya ce duk ranar da John ya yi ritaya, rabin fanshonsa na Sandra ne.

Shekara na zagayowa ya ajiye kaki, kuɗi suka fara shigowa, kowa na karɓar rabonsa. Haka aka yi ta tafiya har kusan shekara 13.

Sai ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta tabbatar cewa raunin da John ya samu a kafaɗa lokacin yana aiki ya naƙasa shi da kashi 20 cikin 100, saboda haka ya cancanci kuɗin naƙasa. Amma doka ta ce kafin ya karɓa, sai ya haƙura da daidai adadin daga fanshonsa. Ya haƙura da kusan dala 250 daga cikin kimanin dala 1,500 da ake biya duk wata.

Shi riba ya ci, domin kuɗin naƙasa ba a cire masa haraji. Ita kuwa Sandra sai gani ta yi dala 125 ta ɓace daga rabonta na wata.

A kan wannan dala 125 aka yi shari'ar da ta kai har Kotun Ƙolin Amurka.

Me ya sa mace ke da rabo a fanshon mijinta?

Ga wanda ya saba da sakin da ke ƙarewa da ciyarwar idda da kwashe kayan ɗaki, tambayar farko ke nan. A Amurka, abin da ma'aurata suka tara a zamansu ana ɗaukarsa dukiyar aure. Jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Texas da Arizona, suna kallonsa a matsayin mallakar su biyun tun daga tushe. Sauran jihohin kuma sun bar wa alƙali ya raba yadda ya ga ya fi adalci.

A gidan soja, sau da yawa fansho ne dukiyar da ta fi kowace girma. Sojan da ya cika shekara 20 a tsohon tsari yana samun rabin matsakaicin albashinsa na shekaru uku mafiya tsoka, har ƙarshen rayuwarsa. A sabon tsarin da aka fara a 2018 an rage shi zuwa kashi 40, aka haɗa da asusun ajiya da gwamnati ke zuba wa kuɗi. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 zai iya fara cin fansho tun kafin ya cika 40.

Matar kuma fa? Ana sauya wa sojan Amurka wurin aiki kusan duk shekara biyu ko uku. Yau suna Texas, gobe Jamus, jibi Japan. Duk lokacin da aka ɗaure kaya, ita ce ke ajiye aikinta, ta nema wa yara sabuwar makaranta, ta sake farawa daga tushe. Da wuya mai irin wannan rayuwa ta tara nata fanshon. Akwai kuma mazan da matansu ne sojojin, kuma doka ɗaya ce a kan kowa, sai dai har yanzu mata ne suka fi yawa a wannan layi.

Hukuncin da ya tayar da ƙura

Ba tun asali aka yarda da rabon ba. Kanar Richard McCarty likitan soja ne da ya nemi raba aurensa da matarsa Patricia a 1976, bayan sun kusa shekara 20 tare. Kotun Kalifoniya ta ba ta kusan kashi 45 na fanshonsa. Ya ɗaukaka ƙara, kuma a watan Yunin 1981 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya: fanshon soja abu ne na gwamnatin tarayya, kotun jiha ba ta da hurumin raba shi.

Hukuncin bai yi ƙarko ba. Majalisar dokoki ta shiga maganar, inda 'yar majalisa Pat Schroeder ta jihar Colorado ta kasance cikin waɗanda suka tsaya kai da fata. A watan Satumban 1982 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar kare tsoffin matan sojoji da tsoffin mazansu.

Abin da mutane da dama ba su gane ba shi ne, dokar ba ta ba wa kowa ko sisi kai tsaye ba. Izini kawai ta ba kotunan jihohi su ɗauki fanshon a matsayin dukiyar aure. Nawa za a bayar, ko ma a ƙi bayarwa, yana hannun alƙali ko yarjejeniyar da ma'auratan suka yi.

Lissafin da aka fi yi mai sauƙi ne. A ce soja ya yi shekara 20 yana aiki, 12 daga ciki yana da aure. Kashi 60 na fanshon ne dukiyar aure, idan aka raba biyu matar ta tashi da kashi 30.

Shekara 10 da shekara 20

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a barikokin Amurka, wai sai aure ya kai shekara 10 mace ke samun rabo. Ba haka ba ne. Ƙa'idar ta shafi hanyar biya ce kawai. Idan an yi aƙalla shekara 10 da aure, kuma shekarun sun zo daidai da shekara 10 na aikin soja, hukumar DFAS mai biyan albashi da fanshon sojoji ce za ta riƙa tura wa matar kuɗinta kai tsaye, iyakarsa rabin fanshon da ya rage bayan cire-cire. Idan auren bai kai haka ba, rabonta na nan, amma daga hannun tsohon mijin za ta riƙa karɓa. Duk wadda ta taɓa bin tsohon miji kuɗin makarantar yara ta san abin da hakan ke nufi.

Inda shekaru ke yanke hukunci ba sassauci shi ne kiwon lafiya. Kafin tsohuwar matar soja ta ci gaba da cin moriyar inshorar lafiya ta Tricare da sayayya a kantunan bariki masu rangwame, sai an cika sharuɗa uku: shekara 20 da aure, shekara 20 na aiki, kuma shekara 20 ɗin su haɗu da juna. Idan haɗuwar ta tsaya tsakanin shekara 15 da 20, inshorar shekara ɗaya kacal za ta samu. A nan alƙali ba shi da ta cewa. A ƙasar da kwanan asibiti kaɗan ke iya cinye ajiyar shekaru, wata ɗaya tak a ranar sakin na iya raba mace da magani. Wadda ta cika sharuɗan ma, ranar da ta sake aure ta rasa inshorar ke nan har abada.

A ƙarshen 2016 majalisa ta sake taɓa lissafin, wannan karon don amfanin sojoji. A da, idan aka rabu mutum yana kyaftin, ya ci gaba da aiki har ya zama kanar, jihohi da yawa kan lissafa rabon matar da fanshon kanar. Yanzu ana tsayar da lissafin a kan muƙami da shekarun da yake da su ranar da aka raba auren, sai ɗan ƙarin tsadar rayuwa da ake yi wa kowa. Sojoji na cewa ba dalilin da za a ci gumin da suka yi bayan rabuwa. Lauyoyin matan kuma na cewa ai a kan shekarun farkon aka gina muƙamin.

Sai kuma mutuwa. Fansho na tsayawa ranar da mai shi ya rasu, rabon tsohuwar matar ma ya tsaya tare da shi. Abin da ke tsare ta shi ne wani tsarin inshora da ake cire wa kashi 6.5 na adadin da aka zaɓa duk wata, a biya ta kashi 55 bayan rasuwarsa. Amma ko kotu ta ba da umarnin a saka sunanta, shekara ɗaya kawai gare ta ta kai takardar ga hukuma idan shi bai kai ba. Wadda ta yi sakaci, ko lauyanta bai san da wa'adin ba, sai dai ta ji labari bayan an binne shi.

Ramin da ba a cike ba

Dokar 1982 ta zo da wani rami tun farko: kuɗin naƙasa ba ya cikin abin da ake rabawa. A 1989, a shari'ar Manjo Gerald Mansell da tsohuwar matarsa Gaye, waɗanda suka yi shekara 23 tare, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan. Mai Shari'a Sandra Day O'Connor, mace ta farko a kotun, ta ƙi amincewa, tana ganin an bai wa miji damar rage rabon matar shi kaɗai ba da saninta ba.

An ɗan rage girman ramin daga 2004, lokacin da aka fara barin waɗanda suka cika shekara 20 kuma naƙasarsu ta kai kashi 50 ko fiye su haɗa fansho da kuɗin naƙasa. Wanda nasa bai kai haka ba, irin John Howell, har yanzu sai ya musanya.

Wannan ne ya mayar da Sandra Howell kotu. Kotun iyali ta Arizona ta ce rabonta ya riga ya tabbata tun 1991, John ya cika mata daga aljihunsa. Kotun ƙolin jihar ta goyi bayan haka.

A watan Mayun 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, ba tare da ko alƙali ɗaya ya goyi bayan Sandra ba. Mai Shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa tilasta wa tsohon soja ya cike giɓin daidai yake da raba kuɗin naƙasar, ko da wane suna aka kira shi. Abin da ya bar wa kotunan jihohi shi ne su yi hasashen yiwuwar musanyar tun lokacin da suke raba dukiya, ko su sake duba kuɗin ciyarwar da ake bai wa tsohuwar mata.

Ƙungiyoyin tsoffin sojoji na da hujjarsu: wanda ya dawo da karyayyar kafaɗa, diyyar jikinsa ce, ba dukiyar aure ba. Sai dai kuɗin da ake cirewa don a biya diyyar, rabinsu daga aljihun matar suke fita, ita da ba a tambaya ba. Ga Sandra Howell, dala 1,500 ke nan a kowace shekara, shekara 26 bayan alƙali ya ce mata rabi nata ne.