Lambobin da ke ƙirjin mazan jiya



Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, a nan Ngawundere ko a Garwa, ya ga hafsoshi da ƙirjinsu cike da lambobi, ya kuma ga dattawan tsofaffin sojoji da suka maƙala nasu a kan kwat ko babbar riga. Da yawanmu ado muke gani kawai. Amma ga wanda ya iya karantawa, ƙirjin soja yana faɗa masa inda mutum ya je da abin da ya yi a can.

Sa lamba yana da ƙa'ida. A hagu ake maƙala ta, kuma wadda ta fi daraja ita ce ta farko, daga tsakiyar ƙirji. Ranar biki ake fito da ƙarfen gaba ɗaya. Sauran ranaku hafsa yakan sa 'yan guntayen ƙyalle ne a jere, kowane launi da lambar da yake wakilta. Idan daraja ta hau, lambar takan koma wuya, ta ƙoli kuwa faffaɗan ƙyalle ne da ake ratayawa daga kafaɗar dama zuwa kwiɓin hagu. Kada a haɗa wannan da igiya ko anini, su muƙami suke nunawa.

A gidajenmu na arewacin Kamaru, lambobin Faransa ne suka fi yawa, kuma da dalili. Ranar 27 ga Agusta 1940 Kamaru ta bi bayan Janar de Gaulle ta hannun hafsansa Leclerc, kuma samarin Kamaru da na Chadi na cikin rundunar da ta ratsa hamada ta ci Kufra a Libiya a 1941. Saboda haka idan ka buɗe adakar kakanka ka ga lamba da ɗan ƙarfe a gicciye kan ƙyallenta an rubuta Koufra ko Fezzan, to ka san ƙafarsa ta taka wannan yashi. Croix de guerre kuwa, wadda aka ƙirƙiro a 1915, abin da ke kan ƙyallenta za ka duba. Tauraro na nufin an ambaci jarumtarsa a takardar rundunarsa, ganyen dabino kuma yabo ne daga matakin sama. Mai ƙyalle rawaya da kore a gefe ita ce Médaille militaire, wadda ƙananan sojoji suka fi ji da ita, don ba arha ake samunta ba. Bayan su ne namu na gida suka zo, irin su Ordre de la Valeur da lambar jarumta ta Vaillance.

Garwa tana da labarin da ya kamata yaranmu su sani. A watan Yuni 1915 sansanin Jamusawa da ke can ya miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa, kafin ƙarshen watan Ngawundere ma ta faɗi. Cikin waɗanda suka yi wa Jamus yaƙi a wannan ƙasa akwai Chari Maigumeri. Turawan Ingila suka kama shi, daga baya ya shiga rundunarsu ta Najeriya, ya kai samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya samu lambar Military Medal, ya yi ritaya a 1953. Yau barikin soja a Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

To, ga inda abin yake damuna. A Turai akwai masu tara irin waɗannan lambobi, suna saye da tsada a wajen gwanjo, kuma abin da suke nema shi ne suna. Lambobin Ingila na yaƙin duniya na farko an zana sunan soja da lambar aikinsa da rundunarsa a gefensu. Na Faransa galibi ba suna a jiki, shaidarsu tana cikin takardar da aka bayar tare da su da littafin aikin soja. Idan gara ta cinye takardar, ko magada suka raba, wannan ya ɗauki ƙarfe wancan ya ɗauki takarda, shi ke nan ba mai iya cewa ta wane ce. Masu tarawa sun san wannan sarai, shi ya sa ba sa raba lambobin mutum ɗaya, ba sa canza tsohon ƙyalle, ba sa goge ƙarfen da toka ko yashi har rubutun ya shafe.

Kuma mu tuna, masu waɗannan lambobi ba su ci moriyarsu yadda ya kamata ba. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka, takwarorinsu Faransawa na samun ƙari su kuwa suna nan inda suke. Sai a 2011 aka kammala daidaita kuɗin, lokacin da akasarin waɗanda suka je Kufra sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama.